Waƙafi Mai Ruwa

Ƙarfe ɗaya da kwata na dare, Titin Gidan Zu,
bene na biyu, saman shagon mai gyaran fanka.
Wuta ta tafi tun magariba,
janaretan Tasi'u na tari kamar tsoho mai mura.
Shayina ya huce har ya yi yana.

Sau tara sabar ta faɗi yau.
Alhaji Jazuli na Kantin Kwari ya kira har na daina ƙirgawa:
"Rumasa'u, ga atamfa jibge, sallah saura kwana shida,
shafin da na biya kuɗi ya zama ƙofar da ba ta buɗuwa."

Na shiga rajistar kurakurai ina lalube.
Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.
Can ƙasa na gan shi, layi ɗaya tak,
a kan saƙo, inda burauza ke miƙo kuki.

Kukin nan ba na ci ba ne.
Ɗan kati ne, irin na mai gadin babura a bakin kasuwa:
ka ajiye, a ba ka lamba,
ka dawo, ka miƙa, a gane ka.
Suna, alamar daidai, ƙima,
waƙafi mai ruwa, sai na gaba.
Haka ƙa'ida ta ce.

To wannan kati ya sha wuya a hanya.
Alamar zance ta buɗe baki ta manta rufewa.
Waƙafi biyu sun jeru, ba kowa tsakaninsu.
Wani suna ya zo ba ƙima,
ɗan aike da ya zubar da saƙon a kwata.

Shi kuwa mai tantancewar da na rubuta bara,
lokacin ina ji da kaina,
da ganin yagagge ɗaya sai ya yi zuciya,
ya kulle kasuwar duka, ya tafi gida da makulli.
Ɗari biyar ya rubuta a ƙofa.
Ɗari biyar ga mai laifi, ɗari biyar ga mara laifi.

Na so in zagi wayar, tsohuwa ce, na sani.
Na ƙara matsawa kusa da allo.
Adireshi ne: Ƙofar Na'isa.
Ƙ ɗinmu mai ƙugiya ya fita tsirara,
ba wanda ya sa masa rigar tafiya,
ya dawo a kakkarye, ko uwarsa ba ta gane shi.
Wa ya tura shi haka?
Na duba sunan da ke jikin layin.
Nawa ne.

Na ɗan jima ban taɓa komai ba.

Sai na ɗauko tire, yadda Inna ke tsintar wake.
Raba su a kan waƙafi, ɗaya bayan ɗaya.
Lafiyayye ya wuce.
Mai tsakuwa a ture shi gefe, a rubuta cewa ya zo,
amma kar a kwafe sirrin da ke cikinsa.
Kar a yi masa duba, kar a cike masa giɓi da zato.
In katin shaida ne ya lalace,
a ce da mai shi: yi haƙuri, sake gabatar da kanka.
Wanda ya zo da kati mai tsawon igiyar guga
a tsayar da shi tun daga zaure,
don ba duk mai tuntuɓe ne baƙo ba,
wani kwaɗon ƙofa yake gwadawa.

Sannan na ɗinka wa Ƙ rigarsa,
na ɗinka wa Ɗ, na ɗinka wa Ɓ.

Na jefa wa sabar shara da hannuna,
kati yagagge, kati jiƙaƙƙe, kati wofi.
Ta kalla, ta ture, ta ci gaba da aikinta.

Ladan ya gyara murya a masallacin bayanmu.
A daidaita sahu na farko ya wuce.
Wayata ta yi ƙara sau ɗaya:
yadi shida, shuɗi mai ganye,
a kai Ƙofar Na'isa, gidan Malama Kubura.
Ƙugiyar na nan daram a kan harafinta.

Janareta ya yi tarin ƙarshe, ya yi shiru.
Na shanye shayin da sanyinsa.